Wasiƙar Babbar Salla zuwa gida Maraɗi

Marsai, ƙasar Faransa
7 ga Zulhajji

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Baba, Inna, ina gaishe ku gaisuwar ɗa ga mahaifansa, da fatan kuna lafiya, ku da Gwaggo da Kawu da dukan mutanen gida manya da yara. Barkanmu da waɗannan kwanaki goma masu alfarma. Allah Ya nuna mana Salla lafiya, Ya karɓi aikin alhazanmu, Ya maimaita mana. Ni ina nan lafiya lau, sai kewarku.

Sauran maganar da kai nake, ƙanena, tunda hidimar gidan a wuyanka take. Ka karanta wa Baba da Inna a natse, inda suka ga gyara a bi nasu. Ina so layyar bana ta inganta tun daga kasuwa har bakin wuƙa, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hanyar da naman yake bi in ya fita ƙofar gidanmu.

Kuɗin da na aiko kyauta ce na yi wa Baba. Ka riƙe wannan, don akwai hukunci a ciki. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta ba a tarayya a kuɗin dabbar layya. In na ba da rabi ka ba da rabi muka ce ragon namu ne mu biyu, to nama muka saya, babu wanda ya yi layya a cikinmu. Saboda haka duk wanda zai ƙara wani abu, ko jika biyar ce, ya damƙa wa Baba ya ce ya ba su kyauta, rago ya zama mallakar mutum ɗaya. Kafin yanka Baba su yi niyyar shigar da mutanen gida cikin lada, wato danginsu da ke zaune tare da su, waɗanda ci da shansu ke ƙarƙashinsu. Ni da ke nesa ban cika sharaɗin zama tare ba, kuma kada wannan ya dami Inna, tawa zan yi a nan. Dokar ƙasar ba ta yarda a yanka a gida ba, sai a mayankar da hukuma ta amince da ita, mutum ya biya, ya wakilta, ya je ya karɓi namansa. Maƙwabtan da ke haɗa kuɗi su bakwai su sayi sa suna da hadisin Jabir, kuma sauran limaman mazhabobi sun yarda da haka. Kada ka tsaya musu da kowa a bakin masallaci a kan wannan.

In ba ku saya ba tukuna, ka je kasuwa da safe da wanda ya san dabba, kada ka dogara da bakin dillali, shi la'adarsa yake nema. Fara da baki. Rago sai ya cika shekara, kuma alamar da ba ta ƙarya ita ce famfara: haƙora biyu manya a tsakiyar muƙamuƙin ƙasa, waɗanda suka maye gurbin na nono. Balami yana da saurin girma, za ka ga ƙato fari tas alhali duk haƙoransa ƙanana ne, to a irin wannan sai ka tambayi wanda ya kiwata shi watanninsa. Aibobi huɗu hadisi ya ambata: mai ido ɗaya, mai cutar da ta bayyana, gurgun da gurguntarsa ta bayyana, da ramammen da babu ɓargo a ƙashinsa. Malamanmu sun ƙara da kunnen da aka yanke ko aka tsaga fiye da sulusi, da wutsiyar da aka cire sulusinta, da karyayyen ƙahon da bai warke ba yana jini. Ka sa a kora shi ya yi tafiya a gabanka. Ka ja fatar idonsa ta ƙasa, in ka ga cikinta fari fat babu ja, jininsa ya yi ƙasa, galibi tsutsar ciki ce. Ka duba hanci ko da majina, ka duba ƙarƙashin wutsiya ko da alamar zawo. Girman ciki kuma kada ya ruɗe ka, ana ɗura wa dabba kanwa da dusa da ruwa da asuba ta kumbura. Nama a gadon baya ake jinsa, ka danna da yatsu, in ƙashin yana sukar hannunka ka wuce. Ka tambaya ko an yi masa allura kwanan nan, domin magungunan tsutsa da na ƙwayoyin cuta da yawa suna ɗaukar mako uku zuwa huɗu ko fiye kafin su bar jikin dabba.

In kuɗin ba su kai rago ba, tunkiya ta isa, bunsuru ya isa, jar akuyarmu ta Maraɗi ta isa in ta cika shekara ta shiga ta biyu. Layya sunna ce mai ƙarfi a kan mai hali. Ban yarda ka ci bashin da zai taɓa kuɗin iri da taki ba don maƙwabta su ga ƙaho a turke. Suratul Hajji, aya ta 37, ta gaya mana namansu da jininsu ba sa isa ga Allah, taƙawarmu ce ke isa gare Shi.

In ya zo gida a ɗaure shi a inuwa, a ba shi harawa da kowar wake da ruwa. A hana yara zuba masa gero ko ragowar tuwo, domin dabbar da ba ta saba ba in ta cika ciki da hatsi farat ɗaya takan kumbura ta mutu cikin dare. A share leda daga wurin. Daren Salla a janye abinci a bar masa ruwa, tumbi zai yi sauƙin wanki.

Ranar Arfa duk mai iko ya yi azumi, yana kankare zunubin shekarar da ta wuce da mai zuwa. Ranar Salla ba a karyawa kafin idi, an fi so mutum ya fara da hantar layyarsa. Ku tafi ta wata hanya ku dawo ta wata. Kabbarori bayan sallolin farilla suna farawa daga azahar ta ranar Salla zuwa asuba ta rana ta huɗu, salla 15 ke nan, ka tuna wa mata da yara, su ma da su.

Kada a sa wuƙa sai liman ya yanka nasa. Abu Burda ya yi gaggawa ya yanka kafin salla, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa nama ne kawai ya gabatar wa iyalinsa. Mahauta suna da gidaje da yawa a ranar, wani zai so ya fara da ku tun ana huɗuba, kada ka yarda. Lokacin yana nan har faɗuwar rana ta 12 ga wata, amma da rana kaɗai, yankan dare ba ya zama layya a wurinmu. An fi so Baba su yanka da hannunsu. In hannun ba ya da ƙarfi su wakilta ka da baki, su tsaya a wurin. A wasa wuƙa inda ragon ba ya gani, a kwantar da shi ta gefen hagu yana fuskantar alƙibla, a ce Bismillahi Allahu Akbar. A yanke maƙogwaro da jijiyoyin jini biyu na wuya, daga gaba, ba tare da ɗauke hannu ba sai an gama, kuma zakaran wuya ya kasance a ɓangaren kai. Ba a karya wuya, ba a fara fiɗa sai ya daina motsi. Mahauci a biya shi da kuɗi daga aljihu. Nama ko fata ko kai ba sa zama ladan aikinsa, in an ba shi to kyauta ce bayan an biya shi. Fatar ba a sayar da ita, a ba da ita sadaka, wanda aka ba shi yana iya sayarwa.

Wajen fiɗa a kula da maɗaciya, in ta fashe a kan hanta ta ɓata ta. Hantar da aka ga tsutsa a ciki, ko huhu mai ƙuraje ko ƙullin ruwa, a haƙa rami a binne, kada a jefa wa karnuka, ta wurinsu cutar ke komowa kan mutane da dabbobi. Kayan ciki a dafa su a ranar. Sallar bana ta faɗo cikin zafi, ɗanyen nama ba ya jure yini, kuma kada ku dogara da firigo tunda wuta ba ta da tabbas. A buɗe ragon a tsire shi a kan sanduna biyu da aka gicciye, a jingina shi kamar taki ɗaya babba daga wuta, cikinsa ya fara fuskantar garwashi. Zafi ake so ya ratsa shi a hankali daga hantsi zuwa magariba, ana juyawa ana shafa ruwan gishiri. Inda aka fi yin asara shi ne cinya: waje ya yi ja ya yi kyau, kusa da ƙashi bai gasu ba, gari ya waye yana wari. A tsaga cinyoyi da kafaɗu har ƙashi tun farko, a cusa gishiri. Itacen sabara ko geza ko gawayin ƙirya sun fi. Kada a yi sanda da tumfafiya ko tinya, kada a sa katako mai fenti, balle taya ko leda don hura wuta. Wanda za a ajiye a yanka shi ƙanana, a tafasa da gishiri har ruwan ya ƙone, a soya cikin kitsensa har kumfa ta daina tashi, domin kumfar nan ruwa ne, kuma ruwan da ya rage shi ke kawo fumfuna. A bar shi ya huce kafin a rufe, kada a sa jiƙaƙƙen hannu a ciki.

Yanzu ga maganar da ta sa na zauna rubutu.

Washegarin Salla Gwaggo za ta zauna a kan tabarma, Inna a gefenta, ana yanka tana cewa wannan na gidan wane, wannan a kai Mokoyo, wannan Bagalam, wannan Limanci, wannan a ba mai zuwa Tsibiri, wannan Madarunfa. Ba ta duba takarda, ba ta tsallake gida. Mu kuwa mun iya ɗaukar kwano mu kai, amma in aka tsare ɗayanmu aka ce me ya haɗa ku da gidan nan, rabinsu ba za mu iya faɗa ba. Jerin nan da ke kan Gwaggo shi ne tarihin gidanmu, kuma babu shi a ko'ina sai a kanta. Allah Ya ƙara mata lafiya da nisan kwana. Amma ranar da babu ita, gidajen za su riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da an yi faɗa da kowa ba, har jikokinmu su haɗu da jikokinsu a kasuwa suna ciniki ba su san juna ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta, kuma ya umarce mu mu koyi abin da za mu sada zumunci da shi daga nasabarmu. Don haka aikin da zan ba ka ibada ne, ka yi shi da niyya.

Ka sayi kaye, wato littafin rubutu, mai kaurin bango da bik biyu. Kowane gida shafinsa daban. A sama ka rubuta unguwa ko ƙauye, sai sunan yanka na mai gidan da laƙabinsa, sai kason da ake kai musu, sai abin da ya haɗa mu. A nan ka tsaya ka bambance, domin Bahaushe kowa ɗan'uwansa ne: jini ne ta wajen uba ko ta wajen uwa, aure ne, nono ne, riƙo ne, tsohuwar maƙwabtaka ce, ko malamin Kaka ne, ko abokin fataucinsa. Riƙo da haihuwa sukan cakuɗe bayan zuriya biyu, kuma ranar rabon gado wannan cakuɗewar ce ke raba ƴan'uwa. Nono ya fi kowanne haɗari. A Malikiyya ko sau ɗaya jariri ya sha cikin shekara biyunsa na farko, matar ta zama uwarsa, ƴaƴanta duka sun zama muharramansa. Tsofaffi mata kaɗai suka san wa ya sha nonon wa lokacin da wata ta kwanta ciwo ko ta rasu a gidan biki. Ka tambaya ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta da ja.

Za ka gamu da alkunya. Inna ba za su faɗi sunan Baba ba, ko na ɗan fari, ko na surukai, Gwaggo ma tana da nata da ba ta kamawa. Kada ka matsa, ka bar gurbi ka cike daga bakin Kawu. Laƙabi kuma kada ka raina shi, yana ɗauke da labari. Tanko ya biyo mata, Kande ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Ajuji an sha rasa ƴaƴa kafin ta, Nomau da damina aka haife shi, Azumi cikin Ramadan. Daga laƙabi kaɗai za ka gane akwai waɗanda suka rasu suna ƙanana da ba a ambata maka ba. Su ma a rubuta su.

Shekarun da ke kan takardun tsofaffi kintace ne, shi ya sa za ka ga da yawa an sa musu 1 ga Janairu. Kada ka ce wace shekara, ka ce lokacin abu kaza wa kike goyo. Ambaliyar Gulbin Maraɗi da ta ci tsohon gari a fadama har aka hau tudu, 1945 ce. Ƴancin kai 1960. Babban fari 1973 zuwa 1974, shekarar da Saini Kunce ya karɓi mulki. Yunwar da ake kira El Buhari 1984 zuwa 1985, lokacin da aka rufe iyakar Najeriya. Faɗuwar darajar sefa 1994. Ƙarancin abinci 2005. Da waɗannan za ka iya sa kowace haihuwa da aure da rasuwa a wurinta, kuskure bai wuce shekara ɗaya ko biyu ba.

In ka gama da gidajen, ka koma baya. Maraɗi gari ne da ƙaura ta gina. Wajajen 1807 masu jihadi suka ci Birnin Katsina, gidan sarauta ya fito, Ɗan Kasawa ya zo ya zauna a nan wajajen 1819, shi ya sa har yau Sarkin Katsina ake ce wa sarkinmu. Gobirawa suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Kuma kafin su duka akwai mutane a kwarin gulbi suna nomansu da farautarsu. Ka tambayi Baba da Gwaggo a cikin waɗanne muke, ko daga baya muka zo da karatu, ko fatauci, ko cinikin gyaɗa. Wace aska ce a fuskar Kaka, wace sana'a ya gada, a wace unguwa gidanmu yake kafin ruwa ya ci gari, su wa muke katanga ɗaya da su a can. Ina kyautata zaton wasu gidajen da ake kai wa nama ba mu da jini da su, maƙwabtan tsohon gari ne da hawan tudu ya raba mu. Ka tambayi waɗanda suka tafi Makka a ƙasa ta Cadi da Sudan ba su dawo ba, da waɗanda suka zauna Jibiya ko Katsina ko Kano, da sunan garin da aka ji labarinsu na ƙarshe.

Abin da ka ji ka rubuta shi yadda yake. In kakanninmu na can baya ba su yi salla ba, ka rubuta, Allah ne Ya shiryar da na bayansu, godiya ta kama mu. Kada ka ƙara mana sarauta ko sharifta da ba mu da ita, hadisi ya yi tsanani a kan mai jingina kansa ga wanda ba ubansa ba, kuma Suratul Hujurat, aya ta 13, ta ce an yi mu dangogi da ƙabilu don mu san juna, mafificinmu shi ne mafi taƙawa. In Baba suka faɗi wani abu Gwaggo ta faɗi saɓaninsa, ka rubuta duka biyun da sunan mai maganar, kada ka zama alƙali. Akwai kuma abin da za a gaya maka da murya ƙasa-ƙasa, na bauta a asalin wani gida, ko dalilin mutuwar wani aure, ko sirrin haihuwar wani. Wannan amana ce. Ba ya shiga WhatsApp na dangi, ba ya fita bakinka, kuma in babu hukuncin aure ko gado da ya rataya a kansa ko kayen kada ya shiga.

Ka ɗauki muryarta da salula bayan ka nemi izininta. Ka rufe kira, ka ajiye salular kamar taƙi ɗaya daga bakinta, nesa da turmi da injin niƙa. Da farko ka faɗi kwanan wata da sunan mai magana. Minti ashirin zuwa talatin sun isa zama ɗaya, bayan la'asar ya fi, in ta gaji a bari sai gobe. Kada ka katse ta don gyara, in ta kauce ta shiga wata hira ka bar ta, sau da yawa a can abin yake. Ka kai mata goro. Muryar ka ajiye ta wuri biyu, kayen kuma a akwatin ƙarfe saboda gara da yoyon damina. Maganar gonaki, wacce gado ce, wacce aro, wacce jingina, da inda gambar iyaka take, ita ma tana bukatar shafi, amma ba ranar Salla ba, a bari sai an natsu Kawu yana nan.

Yaran da za su kai nama kada a miƙa musu kwano kawai. A gaya wa kowanne gidan wa za shi, me matar gidan take a wurinsa, da abin da zai kira ta in ya durƙusa. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafafun nan nasu ne nan gaba.

Akwai gidajen da suka fita daga jerin saboda saɓani. Ka roƙi Gwaggo a keɓe ta gaya maka su. Baba, a nan ina roƙonku da girman Allah, ku yarda kwanon farko na bana ya tafi can, kuma babba ya kai shi, ba yaro ba. Hadisi ya ce mai sada zumunci ba shi ne mai ramawa ba, shi ne wanda in aka yanke masa yake sadarwa. In sun maido da shi ba mu yi asarar komai ba, baɗi a sake aikawa. Malamanmu ba su ƙayyade sulusi-sulusi a rabo ba, abin da ake so a ci, a yi kyauta, a yi sadaka. Sai dai ku fara da masu takaba da marayu da maƙwabcin da bai yanka ba kuma ba zai roƙa ba, kafin gidajen da suka yanka biyu ko uku. A ba su tsoka mai kyau, kada a tara musu ƙashi da kitse.

In ka cika shafi ka ɗauki hotonsa da rana ka aiko mini, zan juya shi a kwamfuta mu samu na biyu, in kuma na ga gurbi zan aiko da tambaya ka kai wa Gwaggo. Ranar Salla zan kira bayan azahar ta wajenku, ka tara mini kowa kusa. Goron Sallar yara yana cikin abin da na aiko, Inna ce za ta raba.

A gaida Liman da mutanen zaure, a gaida maƙwabta gabas da yamma. In kun je maƙabarta ku sa ni cikin masu yi wa Kaka addu'a. Baba, Inna, ku yafe mini, ku sa mini albarka.

Wassalam.
Ɗanku kuma yayanku